Garejin da nake kai Sienna tamu: abin da na gani cikin shekara biyu

Wata gorar ruwa ta roba ce ta sa na yarda da mutumin nan.

A watan Agustan 2023 muna dawowa daga Zariya da iyali, mu takwas cikin motarmu Toyota Sienna, mai ya yi ƙasa sosai bayan mun wuce Kwanar Dangora. Magariba ta kawo jiki, ga hadari ya haɗo, sai na tsaya wurin 'yan bumburutu na sa aka juye mini galan biyu. Ba mu kai Kura ba motar ta fara shaƙewa. In na taka totur sai ta yi jijjiga kamar za ta mutu, in na sassauta ta ɗan dawo hayyacinta. Da lallami muka shigo Kano bayan isha'i, yara duk sun yi tsit a baya, uwargida tana ta salati.

Washegari wani maƙwabcina ya raka ni garejin da zan yi magana a kansa. Ba zan faɗi sunansa ba, don akwai abin yabo akwai kuma ƙorafi a cikin abin da zan rubuta. Fili ne mai katangar langa-langa, da rumfar kwano guda, da rami ɗaya na duba ƙarƙashin mota, da bishiyar darbejiya a tsakiya. Mai wurin dattijo ne da ya fara furfura, yaransa suna ce masa Oga, mu masu kawo mota muna ce masa Baba. Toyota da Honda kawai yake taɓawa. Na ga ya mayar da mai Marsandi da hannu biyu, ya kwatanta masa inda zai je.

Na zayyana masa abin da ya faru. Bai ɗauki sifana ba. Ya sa yaro ya zuƙo mai kaɗan daga tanki a cikin gorar ruwa, ya ajiye ta a kan bonet, ya ce, "Malam, zauna mu ba ta minti biyar." Muna kallo man ya rabu gida biyu. Fetur ya tsaya a sama, a ƙasa kuma ga ruwa ya kwanta kamar faɗin yatsa biyu, da wani baƙin gari-gari a gindin gorar. Ya ɗaga ta saitin rana ya ce, "Ga ciwon motarka nan. Ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasan tanki yake sauka, famfon mai kuwa daga ƙasa yake ja. Injinka lafiyarsa ƙalau."

Na san wuraren da a irin wannan hali za a ce mini famfon mai ya mutu, nozul sun toshe, a kawo kuɗin sababbi. Shi sauke tankin ya yi, ya wanke, ya canza 'yar ragar da ke bakin famfon, ya mayar. Kuɗin aiki da na raga kawai na biya.

Motar tamu ƙirar 2006 ce, shigowar Amurka, mai inji silinda shida. Na saye ta hannu na biyu a 2019. Ita ke kai yara makaranta, ita ke zuwa kasuwa, ita ke kai mu gida Zariya duk ƙarshen wata, kuma duk bikin da ya tashi a dangi ita ake nema. Lokacin da litar mai ba ta kai naira 200 ba, ban taɓa zama na lissafa abin da take sha ba. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da shugaban ƙasa ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa ƙarshen 2024 kuma ta wuce dubu, sai kowane ɗigo ya zama abin lissafi a gidan malamin makaranta irina. Har na fara tunanin sayar da ita in nemi ƙaramar mota. Na faɗa wa Baba haka a zuwana na biyu.

Ya tambaye ni, "Kilomita nawa take yi da lita ɗaya?" Na ce ban sani ba, na dai san tana sha. Ya ce in cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, in rubuta lambar da ke kan allo, in yi zirga-zirgata yadda na saba, in koma gidan mai ɗaya in sake cikawa, in raba tafiyar da litar da ta shiga. Ya kuma ja hankalina kan abin da ban taɓa lura da shi ba: motar Amurka da mil take ƙirga tafiya, ba kilomita ba, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Na yi gwajin sau biyu. A cikin gari ko kilomita biyar da rabi ba ta cikawa da lita.

Nan ne ya buɗe motar da gaske, nan ne kuma na ga ɓarnar da aka daɗe ana yi mata da sunan gyara.

Na farko, babu tamostat. Wannan ɗan ƙarfe ne mai sifirin da ke tare hanyar ruwa tsakanin inji da lagireto, ba ya buɗewa sai ruwan ya kai kusan digiri 82. Wani bakanike can baya ya cire shi, ya haɗa fankar lagireto kai tsaye ta riƙa juyawa da zarar an kunna mota, wai don ƙasarmu akwai zafi. Kusan kowa haka yake yi, ni ma a lokacin na ɗauka gata aka yi mini. Baba ya ce, "Malam, injin nan an gina shi ne ya yi aiki da zafinsa. In bai kai zafin ba, kwamfutar mota tana ɗauka har yanzu safiya ce, sai ta yi ta ƙara masa mai. Kai kana jin daɗi allurar zafi tana ƙasa, aljihunka ne ke biya." Ya mayar da tamostat, ya mayar da fanka kan tsarinta na asali, ya zubar da ruwan rijiyar da muke ɗurawa a lagireto wanda ya riga ya koma jan tsatsa, ya zuba ruwan kamfani mai launi. Na yi fargaba a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ga cunkoson Kofar Nassarawa da azahar. Allura ta tsaya a tsakiya ba ta motsa ba.

Na biyu shi ne ya fi ɓata mini rai. Injin Sienna filogi shida gare shi, uku a gaba inda hannu ke kaiwa, uku a baya can ƙarƙashin bututun da ke kai iska cikin inji, sai an kwance kayan sama kafin a isa gare su. Baba ya jera su shida a kan tsumma ya kira ni. Ukun gaba sababbi ne, masu araha. Ukun baya kuwa bakinsu ya cinye, sun yi baƙi ƙirin, da alama tun daga Amurka ba wanda ya taɓa su. Sau biyu ina biyan kuɗin filogi shida a wani wuri. Bai zagi kowa ba, bai ma tambaye ni wane gareji ba ne. Ya dai ce in je kasuwar kayan gyaran mota ta Kofar Ruwa da yaronsa in sayo shida na asali da hannuna, ya rubuta mini lambarsu a bayan kwalin ashana.

Na uku, fitilar gargaɗi mai hoton inji da ke kan allo ba ta kamawa ko da an murɗa makulli, ashe an cire ƙwanta ne tun kafin in sayi motar. Yana da 'yar na'urar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, ita ta nuna cewa sensa ɗaya da ke auna hayaƙi a bututun salansa ta mutu. Ya canza ta, ya mayar da ƙwan fitilar, ya fesa wa sensar iska, wadda ke auna iskar da ke shiga inji, maganin wankinta, ya sa sabuwar filtar iska. Allah ya taimake ni ba a fasa tukunyar salansa an kwashe abin tace hayaƙin da ke ciki, wanda kanikawa ke kira indomi, ba, don ya ce motoci da yawa da ke zuwa masa an riga an yashe nasu an sayar.

Bayan wannan aiki na sake gwajin tanki. Cikin gari ta koma kusan kilomita bakwai da lita, a hanyar Zariya kuma tana kai tara da ɗoriya in ban wuce gudun ɗari ba. Sienna ba za ta taɓa zama Corolla ba, babbar mota ce mai nauyi. Amma bambancin ya isa ya sa na fasa sayar da ita.

Kan zaɓen mai kuwa, na je masa da tambayoyin da na tsinto a bakin abokai. Wani ya ce mini mota mai silinda shida sai mai na musamman, wani ya ce in riƙa zuba maganin ƙara wa fetur ƙarfi da ake sayarwa a 'yan kwalabe. Baba ya ce in ɗauko littafin motar. Yana nan cikin aljihun gaba, shekara huɗu ban buɗe shi ba. Ya nuna mini inda aka rubuta cewa mai mai lamba 87 ya wadatar, wato man gama-gari a ma'aunin Amurka. Ya ce a can ne ake samun famfo uku a jere kowanne da lambarsa da farashinsa. Mu a nan fetur iri ɗaya ne a famfo, saboda haka zaɓen da ya rage mana shi ne na gidan mai, kuma kuɗin 'yan kwalaben nan gara in ƙara lita biyu da shi.

Abin da ya koya mini game da gidan mai ba shi da yawa, amma na riƙe shi. In nemi inda motoci ke yawan shiga, don man da ke saurin ƙarewa ba ya daɗewa a rijiyar ƙasa har ya tara ruwa da laka, musamman da damina. In na ga tanka tana sauke mai, in wuce in dawo anjima, don saukewar tana tayar da dattin da ya kwanta. In sauko daga mota in ga mita ta koma sifili da idona. Kuma in tsaya a wuri ɗaya ko biyu, yadda in matsala ta taso zan san inda ta fito. Na ƙara da nawa: na ɗauki jarka mai lita goma na gwada gidajen mai uku da ke kan hanyata. Biyu sun cika ta daidai layi. Na ukun, wanda ya fi su araha da 'yan nairori, ya bar ta da gibin da ya kai rabin lita. Ban sake shiga ba.

Ban ce gidan mai mai kyau ba ya taɓa samun gurɓataccen mai ba. Kowa ya tuna watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima daga Turai, hukumar da ke kula da harkar ta fito ta amsa, motoci suka lalace a Legas da Abuja, aka shiga dogayen layuka na makonni. Wannan daga sama ya zo, ba laifin mai famfo ba ne. Tun da matatar Dangote ta fara fitar da fetur a Satumbar 2024 nake jin direbobi suna gardama, wasu na cewa nata ya fi auki. Na tambayi Baba, ya ce shi bai auna ba, don haka ba zai yi shaida ba, in ina so in sani in yi gwajin tankin da ya koya mini. Wannan hali nasa na ƙin faɗin abin da bai gwada ba yana cikin dalilan da suka sa nake komawa.

Abu ɗaya da yake yi mini faɗa a kai har yau shi ne tafiya da jar fitilar mai a kunne. Famfon mai a cikin tanki yake zaune, man da ya kewaye shi ne ke sanyaya shi. Ya ce, "Malam, kar ka bari ta sauka ƙasa da kwata. Kuɗin da za ka zuba gobe, zuba shi yau." Gaskiya ce, amma ranar ashirin da biyar ga wata ba kullum ake iyawa ba. Ina dai ƙoƙari.

Juyen baƙin mai shi ne abin da ya fi kai ni wurinsa. A da mai kauri ake zuba mini, mai lamba 20W-50, wai tsohon inji sai mai kauri. Baba ya goge murfin da ake zuba man da babban yatsa, sai ga 5W-30, lambar mai marar kauri, a rubuce ɓaro-ɓaro. Ya ce injin yana da ƙananan hanyoyin da mai ke bi ya sarrafa buɗewar bawul, mai kauri ba ya saurin ratsa su da safe. Littafi ya ce a juye duk mil dubu biyar ko wata shida. Shi ya ce da ƙurarmu da zafinmu da gajerun tafiye-tafiyen kai yara makaranta, in riƙa zuwa duk kilomita dubu biyar, a canza har da filta kowane karo. Motar tana cin kusan lita biyar, galan ɗaya ba ya isa sai an ƙara da ƙaramar gora. A gabanka ake fasa hatimin galan, in an gama juyewa kuma sai ya sa wuƙa ya huda gindinsa kafin ya jefar. Na tambaye shi dalili, ya ce akwai masu bi gareji-gareji suna sayen galan mai kyau, su ɗura masa man banza su mayar kasuwa. Sannan ya rubuta lambar tafiya da kwanan wata a 'yar takarda ya manna a jikin ƙofa.

Da hunturu yakan ce in leƙo a tsakiyar lokaci ko ba juye, a kakkaɓe filtar iska. Ba ya karɓar ko sisi a kan wannan. Shi ya nuna mini takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba mai nuna iskar da taya ke buƙata, don masu faci da yawa bugu ɗaya suke yi wa kowace mota har taya ta yi tauri kamar dutse. Ya kuma koya mini karanta lambobi huɗun da ke gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Da muka duba safayata, ta girmi ɗana na uku.

Na taɓa kawo masa zancen mayar da motar mai amfani da iskar gas, tunda gwamnati ta ƙaddamar da shirin a 2023 kuma an ce ya fi araha nesa ba kusa ba. Bai kushe ba. Ya ce ba aikinsa ba ne, in zan yi in je cibiyar da aka amince da ita, kar in yarda da tukunyar da mai walda ya haɗa, ya tuna mini da motar da ta fashe a wani gidan gas a Benin a Oktoban 2024 saboda irin wannan tukunya. Ni abin da ya tsayar da ni daban ne. Tukunyar za ta cinye wurin kaya a baya, mu kuwa buhun masara da na shinkafa muke ɗorowa daga gida, kuma wurin ɗura gas ɗin ba ya kan hanyata.

To, ga inda garejin ya gaza, kuma ban ga dalilin ɓoyewa ba.

Baba ba ya cika alkawarin lokaci. In ya ce bayan la'asar, ka sa a ranka gobe da hantsi. Dalili kuwa shi ne ba ya barin yaro ya rufe aikin da bai duba da idonsa ba, motoci kuma sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Na fahimci hakan, amma ranar da aka kwana da motar ba shiri, sai da na yi hayar Keke Napep biyu don kai yara makaranta. Wurin zama benci ɗaya ne a gindin darbejiya, babu inda mace za ta zauna ta sake, shi ya sa uwargida ba ta taɓa kai motar da kanta ba duk da ita ta fi ni tuƙa ta. Yaransa suna shiga mota da kayan aiki, sau biyu ina tarar da tabon baƙin mai a kujera da sitiyari, sai da na fara zuwa da tsohon zani ina shimfiɗawa. Ba ya aikin na'urar sanyaya mota, ba ya aikin waya mai zurfi, sai ya tura ka wani wuri. Kuɗin aikinsa kuma ya ɗara na maƙwabtansa, wani lokaci da kusan rabi, kuma ba a yi masa ciniki. In ka nemi ragi sai ya yi murmushi ya ce, "Allah ya hore, Malam," ya ci gaba da abin da yake yi.

Sun taɓa yi mini kuskure na gaske sau ɗaya. Bayan an wanke sensar iska a karo na biyu, yaro ya manta bai ɗaure maɗaurin babban tiyon iska ba. Ina kan titin Zoo motar ta fara rawa, fitilar gargaɗi ta kama. Na kira Baba raina a ɓace. Cikin rabin awa sai ga shi da kansa a kan babur, ya buɗe bonet, ya gani, ya ɗaure, ya kashe fitilar gargaɗin da na'urarsa. Ya ce, "Laifina ne, ban duba ba. Ka yi haƙuri." Bai ɗora wa yaron ba a gabana, kuma a juyen da ya biyo baya ya ƙi karɓar kuɗin aiki.

Wanda ke da Toyota ko Honda ta iyali, yana da haƙurin jira, yana kuma son a nuna masa abin da aka cire daga motarsa a tafin hannu, irin wannan gareji ne ya dace da shi. Mai gaggawa, ko mai son a ce masa komai lafiya ya wuce, zai sha takaici.

Yanzu abin da ke gabanmu shi ne bel ɗin cikin inji, wanda kanikawa ke kira taimin bel. Sienna daga 2007 sarƙa gare ta, amma irin tawa bel ne na roba, kuma ƙa'idarsa a canza shi duk mil dubu casa'in. Babu wata takarda da ta nuna an taɓa canza nawa. Baba ya buɗe murfin sama ya haska mini da tocilan, na ga ƙananan tsage-tsage a bayansa. Ya ce in za a yi, a haɗa da famfon ruwa da tayoyin da bel ɗin ke bi a kai lokaci guda, tunda kwancewar ɗaya ce, kuma kar in yarda in yi tafiyar Sallah da shi a haka. Na karɓi lissafin kayan, na shiga adashin wurin aiki, kwasata tana zuwa wata mai kamawa. Ya ce in kawo motar ranar Litinin da sassafe, in kuma nemi abin hawan yara na kwana biyu.